Aksil ɗin Motar Kawuna

Shekarar da na gama hidimar ƙasa na dawo gidanmu a unguwar Zogbeli ta Tamale da takardar digiri a fannin injuna, ba tare da aiki ba. Mahaifiyata ta sa aka yi wa takardar gilashi aka rataye ta a falo, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake kirana da sunana a gidan. In fanka ta tsaya, a kira Injiniya. In famfo ya toshe, a kira Injiniya. Nakan fara bayanin cewa fanka ta fi kusa da fannin lantarki, amma ba a taɓa bari na kai ƙarshen bayanin ba.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, fataucin doya yake yi. Yana da tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke kira pikop, da ita yake shiga ƙauyukan gabas da Tamale ya kwaso doya daga gonaki zuwa kasuwa. A tsakiyar daminar wannan shekara injin motar ya mutu murus. Kawu ya tafi Kumasi ya dawo da injin dizal na hannu, wanda aka ciro daga wata mota da ta fi tasa girma. Makanikinsa, wani dattijo Dagomba mai gareji a Dungu wanda kowa ke kira Masta, ya ɗora injin ya tayar da shi. Da yammacin ranar Kawu ya zo gidanmu, ya gaida yayarsa, ya sa aka kira ni.

"Zauna, Injiniya," in ji shi. "Sabon injin nan ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba. Aksil na baya zai ɗauka, ko ba zai ɗauka ba?"

Aksil na baya shi ne dogon bututun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya biyu. A tsakiyarsa akwai kumburi kamar tukunya, cike da giyoyi masu haƙora, kuma daga tukunyar sanduna biyu na ƙarfe, waɗanda makanikai ke kira shaf, suke fita su juya tayoyin. Duk ƙarfin da inji ya haifar ta nan yake bi kafin ya taɓa ƙasa. In ƙarfin ya fi ƙarfinsa, ko shaf ya murɗe ya tsinke, ko haƙoran giya su zube.

Kawu ya bayyana mini dalilin gaggawarsa. Manoman da yake hulɗa da su a ƙauyuka uku sun riga sun haƙe sabuwar doya sun tara a gona suna jiransa, kuma doyar damina ba ta daɗewa a tare. In aksil ɗin zai ɗauka, gobe zai kama hanya. In ba zai ɗauka ba, gara ya koma Kumasi ya nemo babba, da ya karye masa a daji da kaya a bayansa, inda ko mai babur sai an yi sa'a ake gani.

"Masta me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce a gwada a gani. Ni kuwa ba na son gwaji, ina da mai karatun abin a gida."

Na gyara zama na ce, "To, Kawu, ya danganta."

"Da me?"

Na fara lissafa masa. Na ce ƙarfin doki da ake rubutawa a kan inji ba shi ne ainihin abin da ke karya shaf ba, ƙarfin murɗawa ne, kuma giya ta ɗaya tana ninka shi sau da yawa. Na ce akwai nauyin kaya, da girman taya, da irin ƙarfen da aka yi shaf ɗin da shi, da yadda direba ke sakin kuloci. Kawu ya saurara har na kai ga girman taya, sannan ya miƙe ya sa takalmansa.

"Kwana nawa kake so?"

Na ce biyu. Na ɗauki biyar.

Ina so in yi wa kaina adalci a nan: ban ɓata ko sa'a ɗaya a cikin kwanakin nan ba. Na samo littafin kamfanin da ya ƙera motar, na sauke shi a waya shafi-shafi. Na fitar da kaurin shaf, da adadin haƙoran kowace giya, da nauyin da kamfani ya yarda a ɗora. Na yi lissafin na gama a rana ta biyu, amma da na sake bi sai na ga na ɗauka titin kwalta ne, alhali hanyar gona taɓo ce. Na sake. A rana ta uku na tuna ƙarfen ya tsufa, na rage masa wani abu. A rana ta huɗu na rasa hujjar abin da na rage, na tafi Jisonayili wajen wani abokin karatuna na aro littafi. Kawu yana bugo waya safe da yamma. Sau ɗaya na ji muryarsa a tsakar gida yana magana da wani manomi ta waya cikin Dagbanci, harshen Dagomba, yana ba shi haƙuri, ni kuwa ina ɗaki na rufe ƙofa ina gyara wani waƙafi.

Mahaifiyata ta kawo mini tuwon zafi ta tsaya a kaina. Ta ce, "Wai e ko a'a ne yake cin takarda haka?"

Na ce, "Mama, in na ce e ya karye fa?"

"In ba ka ce komai ba fa?" in ji ta, ta fita.

A rana ta biyar na buga rahoto mai shafi tara, na sa farin kaftani gogagge, muka hau babur da Kawu zuwa Dungu. Masta yana zaune a gindin dalbejiya. Muka gaisa, ya nuna mini benci kusa da shi na zauna. Na buɗe shafi na ƙarshe na karanta musu hukuncina, jimla ɗaya ce mai ɗauke da "idan" guda huɗu da "sai dai" guda biyu. Da na gama Kawu ya dubi Masta, Masta ya dubi takardar.

"Ɗana," in ji Masta, "wane aksil ka yi lissafin shi?"

"Na motar, Masta. Wanda kamfani ya sa mata."

"Ka shiga ƙarƙashin motan nan ka duba?"

Ban shiga ba. A cikin kwana biyar ko kusa da motar ban zo ba, domin ban ga abin da za ta gaya mini wanda littafin bai gaya mini ba.

Masta ya yi dariya har sai da ya kama gwiwarsa. Ya ce wa Kawu, "Alhaji, ba ka gaya mishi ba?" Kawu ya ce shi ma ya manta, an daɗe. Sai Masta ya juyo gare ni ya ce aksil ɗin kamfani shi da hannunsa ya cire shi tun ina firamare, bayan ya karye a hanyar Salaga. Wanda ke ƙarƙashin motar yanzu daga wata ƙaramar bas ya ciro shi, ya yanke ya yi walda har ya zauna. Shaf ɗin hagu ma daga wata motar daban ya zo.

"To na asalin yana ina?" na tambaya, domin ina ganin ko aƙalla zan auna shi in tabbatar da lambobina.

"Kana zaune a kai."

Na sunkuya na duba. Katakon bencin a kan tsohon bututun aksil aka ɗaure shi, ya yi tsatsa, kaji sun yi sheƙa a cikin tukunyarsa. Kwana biyar na yi ina lissafin ƙarfin benci. Kuma don kada in rage komai daga gaskiya, sai da na ƙirga kusoshin murfinsa a ɓoye, na ga sun yi daidai da littafin, na ji wani ɗan sanyi a raina.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Masta, yi gwajin naka."

Ga yadda gwajin yake. Masta ya ɗaga bayan motar, ya cire tayoyin, ya zaro shaf biyun ya wanke su da fetur. Ya ɗauko gwangwanin farin fenti da tsinke. Ya ce zai ja layi daga wannan kai zuwa wancan a jikin kowane shaf, a mayar da su, a loda wa motar kaya a wahalar da ita, sannan a sake zarowa. In layin yana nan miƙe, ƙarfen ya ɗauka. In ya karkace, ƙarfen ya fara murɗewa, kuma karyewa ce za ta biyo baya. Na yi shekara huɗu a jami'a ban ji wannan ba, kuma nan take na gane cewa ya amsa tambayar da shafi tara suka kasa amsawa.

Amma da ya fara jan layin da hannu, sai na ga layin yana rawa. Na daure na daure, na kasa.

"Masta, ka yi haƙuri. In layin ya karkace tun yanzu, yaya za mu san ƙarfen ne ya murɗe ba hannu ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Na zaro doguwar rular ƙarfe ta zanen makaranta daga jakata, wadda na zo da ita ba tare da sanin dalili ba. Ya goge layinsa da tsumma, ya ce in riƙe. Na durƙusa a cikin baƙin mai da farin kaftanina na danne rular, shi kuma ya bi gefenta da tsinke.

"Alhaji, ka ga amfanin makaranta," in ji Masta. "Yaro ya iya riƙe rula."

Aka loda wa motar bulon siminti daga wani gini da ke kusa. Kawu ya kai ta wata hanya mai taɓo a bayan unguwar, ya hau tudu da ita ya sauko, ya shiga kwari ya fita, sau da yawa. Bayan la'asar aka sake zaro shaf ɗin. Na ɗora rula a kan na dama, layin yana nan. Na ɗora a kan na hagu, yana nan. Na sake aunawa sau uku, har Masta ya ce in na ci gaba zan goge fentin.

Kawu ya tsaya a gabana yana goge hannu. "To, Injiniya. Zai ɗauka?"

Na san gwaji ɗaya ba ya nuna gajiyar ƙarfe. Na san bulo ba doya ba ne, kuma taɓon Dungu ba taɓon daji ba ne. Duk waɗannan suka taru a bakina. Na haɗiye su.

"Zai ɗauka, Kawu. Amma in ta maƙale a taɓo, kada ka saki kuloci da ƙarfi."

"Yau 'amma' ɗaya kaɗai?" in ji shi. "Allah ya yi maka albarka. Gobe tare za mu tafi."

Mun tafi bayan sallar asuba. A ƙauye na farko da na biyu doyar tana nan lafiya. A na uku, mafi nisa, wanda ya fara haƙa, an yi ruwa sau biyu a cikin kwanakin lissafina. Manomin ya yaye ganyen da ya rufe tarin da shi, wari ya taso. Kawu bai ko dube ni ba. Ya ba manomin haƙuri, ya ce asarar tasa ce, sannan ya nuna mini yadda ake tantancewa: a danna da babban yatsa kusa da kan doyar, in ya nutse a jefa gefe. Na durƙusa na yi ta dannawa har azahar. Na jefa da yawa gefe, kuma kowace ɗaya sai da na danna ta sau biyu, ko na yi kuskure.

A hanyar dawowa muka iso wani kwari da ruwa ya cinye. Motar ta nutse har rabin taya ta tsaya. Kawu ya sa giya ta ɗaya, ya ɗaga ƙafarsa daga kan kuloci a hankali, ni kuwa na kasa kunne ga bayan motar ina jiran ƙarar da za ta gama da ni a dangi. Motar ta yi gurnani, ta girgiza, ta fita.

Aksil ɗin ya kai ƙarshen wannan damina, iyakar abin da zan iya shaida ke nan. Sai dai wajibi ne in ƙara cewa a wannan tafiya ta farko motar ba ta cika ba, domin wani ɓangare na kayanta mun baro shi a gefen gona yana ruɓewa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce lissafina bai taimaki aksil ɗin da komai ba. Ya rage masa nauyi.