Bencin ƙofar darekta

Shekara tara na yi ina riƙe da makullan sito a wani kamfanin gine-gine nan Damagaram, kuma albashina ya fi na kowa in ban da manya uku. Duk sanda delegen sandika, wato wakilin ƙungiyar ma'aikata, ya zo mini da katin shiga, sai in yi masa dariya. Dattijo ne, makanike, hannunsa kullum baƙi da man inji. Nakan ce masa, "Baba, sandika ta masu kuka ce. Ni me zan je in yi kuka a kai?"

Darekta ma ya sha faɗa mana cewa mu manyan ma'aikata ba sai mun haɗa kai da leburori ba, ƙofarsa a buɗe take gare mu. Na yarda, har ina jin kaina.

Akwai abin da sandika ta daɗe da ƙwatowa a rubuce: in an yi wa ɗan ƙungiya rasuwa, ya faɗa wa delege kawai ya kama hanya, takarda ta biyo baya. In kuma rasuwar ta shafi wani a gidan aikin, ko da ba ɗan ƙungiya ba ne, mutum biyu daga cikinsu su tafi jana'iza nan take. Mu da ba mu ciki, sai darekta ya sa hannu.

Wata Talata cikin bazara, da hantsi, yayana ya kira ni daga ƙauyenmu na wajen Tirmini. Ya ce Inna ta cika, kuma da wannan zafin ba za a wuce azahar ba. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya a babur ba.

Na rubuta takardar izini, na kai ofis. Sakatariya ta ce darekta yana taro da baƙi daga Yamai, ya ce ko waye kada a buga masa ƙofa. Ta nuna mini benci.

Ina zaune delege ya shigo, shi da mai gadinmu, sun wanke hannu sun sa huluna.

"Shef, tashi mu tafi," in ji delege, kamar yadda suke kiran mu manyan ma'aikata. "Ga baburan kabu-kabu can bakin ƙofa."

Na ce, "Baba, takardarku ba ta rufe ni ba. In na fita da makullan nan ba izini, korata za a yi. Ku yi gaba, yanzu zai fito."

Sai suka tafi.

Har yau in na tuna bencin nan sai zuciyata ta tafasa. Ina jin dariyar darekta da baƙinsa ta cikin ƙofa, ina jin ƙarar cokali a kofin shayi. Ina fushi da mutumin da ya ce ƙofarsa a buɗe take, amma na fi fushi da kaina, ƙato da gemu, uwata na kwance cikin likkafani ina tsoron taɓa marfin ƙofa. Albashin da nake taƙama da shi, shi ne ya danne ni a wurin.

Sai bayan ƙarfe ɗaya darekta ya fito. Ya yi mini ta'aziyya da kyau, ya sa hannu a tsaye, bai ko karanta ba. Bai ɗauke shi minti ɗaya ba.

Da na isa ƙauye mutane na dawowa daga maƙabarta, fartanyu a kafaɗa. Yayana bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Mun jira ka har liman ya ce a tashi."

Na tambaye shi wa ya kama masa wajen sa ta a kabari. Ya nuna mini mai gadinmu, yana tsugune gindin itacen bedi yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar wandonsa.

Na karɓi katin sandika ranar da na koma aiki. Delege ya rubuta sunana a ƙarƙashin na mai gadi.