Gwangwanin Tela

Ƙanena Tela bai taɓa shanye magani ba, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Da tari ya lafa sai ya juye ragowar ƙwayoyin a wani tsohon gwangwanin madara da ke kan kantar shagonsa, tsakanin zare da maɓallai.

"Yaya," yakan ce min, "ciwon ya tafi, wa kuma zan sha wa?"

Ɗinki ne kawai ba ya bari rabi. Ko cikin aljihu sai ya bi shi sau biyu. Da keken ɗinkin nan ya aurar da 'ya'yansa duka.

Yana saurayi ya yi tarin fuka, ya ajiye maganin a tsakiya, sai da ciwon ya dawo aka sake daga farko. Tun daga nan kusan duk damina ƙirjinsa sai ya kama. Gwangwani ya yi ta cika, har maƙwabta suka mai da shi kemis. Mai tari ya leƙo, Tela ya ɗebo masa, kyauta.

Bara ya fara ramewa. Ni da matarsa muka ja shi asibiti, aka yi hoto da gwaje-gwaje, aka ce ciwon daji ne a huhu. Mutumin da ko warin taba ba ya so. Matarsa ta tambayi likitar daga ina ciwon ya fito. Likitar ta ce masu bincike na zargin ƙwayoyin cuta da ke daɗewa a huhu, suna kumbura shi suna barin tabo, za su iya share wa ciwon hanya. Amma ba a tabbatar ba, kuma ba za ta ce abin da ya jawo nasa ke nan ba.

"To, ka ji," matarsa ta ce wa Tela a hanyar gida.

"Mai yiwuwa ta ce, uwargida."

"Mai yiwuwar ta ishe ni."

Yanzu magani a hannunta yake, tana tsaye a kansa har ya haɗiye. Yana zuwa shago da safe, ya yi 'yar faci, ya tsokani masu wucewa. Ba ya kukan komai. Ya ce ya ci, ya sha, ya ga jikoki.

Makon jiya ina zaune a shagon sai ga mai wankin layinmu yana tari kamar zai tsage, ya miƙo hannu yadda ya saba. Tela ya sauko da gwangwanin, ya girgiza shi, ya daɗe yana kallon mutumin. Sai ya miƙo min.

"Yaya, raka shi asibiti, ni ba zai ji maganata ba, ya san halina. Abin da aka ba shi ku tsare shi ya shanye. Ƙwayoyin nan kuma a bar wa likita ta zubar. Gwangwanin dai ki dawo min da shi, zan zuba maɓallai."