Kaset ɗin da ya maƙale a rediyon Baba

Mahaifina ya dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa da tabarma da buta, ya sake kama sana'ar albasa. Da kuɗin mai suka fara yawo a gari, abu na farko da ya saya shi ne rediyo mai kaset, ƙatuwa, mai hannu kamar akwati. A lokacin mutanenmu ba su cika rubuta wasiƙa ba. Magana ake ɗauka a kaset, a ba direban motar albasa ya kawo. Kaset na ƙarshe da kakata ta aiko daga Arewa, rabi kawai Baba ya ji rediyon ta tsaya cak, ƙofar gidan kaset ɗin ta ƙi buɗuwa. Kafin ya nemi mai gyara labarin rasuwarta ya iso. Ya naɗe rediyon a tsohon rawani, ya ɗora a kan kabad.

Duk mai gyaran da aka kai wa a kasuwar Mile 3, sukundireba yake fara ɗauka zai ɓanɓare ƙofar, Baba kuwa sai ya karɓe kayarsa. Gara ta zauna haka da a tsinka masa muryar uwarsa. Da tsufa ya kama shi, ido ya fara dishi-dishi, sai ya ce mini yana so ya ji sauran maganar nan kafin ya bi ta. Ni lokacin na haura talatin, ina sayar da caja da batir, a gida kuma injiniya ake ɗauka na.

Na ji labarin wani dandali a intanet inda masu sha'awar tsofaffin rediyoyi ke taimakon juna kyauta. Baba ya ce ƙafarsa ƙafata, ba a aika yaro wajen manya shi kaɗai. Muka hau okada biyu zuwa kafen intanet na wata mata Inyamura a unguwar Diobu. Ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya zauna gefena yana kallon kwamfuta.

"Yi musu sallama," in ji shi. Na rubuta da Turancina. "Ka tambaye su iyali. Da gajiya. Da ruwa."

"Baba, maganar rediyon fa?"

"Yau ka fara ganin mutane, yau za ka roƙe su? Gobe ma rana ce."

Mai kafe ta leƙo ta ce, "Alhaji, time dey go o." Baba ya amsa mata da cewa lokaci na Allah ne.

Washegari muka tarar da amsa ɗaya tal: mene ne tambayar? Baba ya girgiza kai, ya ce mutanen nan ba su da tarbiyya, amma a nemi sarkinsu a kama ƙafa da shi. Har ya tambaye ni ta inda ake tura goro.

Rana ta uku na zame na je ni kaɗai. Ni dama ba a taɓa yabona da haƙuri ba. Na danna manyan baƙaƙe na rubuta cewa rediyona ba ta aiki, a gaya mini gyaran yanzu-yanzu, gaggawa ce. Na liƙa shi a wuri huɗu don kada wani ya ce bai gani ba. Da na ji shiru na minti ashirin sai na ƙara da cewa ashe duk sunan ƙwararru ne, babu wanda ya san komai.

Nan fa suka farka. Wani ya tambaya ko rediyon tana da suna, ko sai sun yi duba. Wani ya ce an amsa irin wannan sau da yawa, in bincika. Mai kula da dandalin ya goge uku daga cikin huɗun. Sai wani dattijo, wanda hotonsa ya nuna gemu fari da rigar sanyi, ya rubuta a natse cewa babu wanda ake biya a nan, kowa bayan aikinsa yake zuwa. In ina son taimako in faɗi lambar rediyon, da abin da take yi, da abin da na riga na gwada, in sa hoto.

Na koma gida ina huci, na fassara wa Baba don ya taya ni faɗa. Sai ya ce, "Ashe gayya ce. Kai kuma ka kira gayya ka haye kan kunya kana ba da umarni, ko fartanya ba ka riƙe ba. Da ni ne, da na yi tafiyata." Na ce ai shi ma gaisuwarsa ba ta yi aiki ba. Ya ce shi dai ba a goge tasa ba.

Na ji kunya ƙwarai. Na juya rediyon na kwafi lambar da ke bayanta, na ɗauki hoto uku da waya. Na ba da haƙuri a layi ɗaya, na ce in an kunna injin cikinta yana ƙugi amma kaset ba ya juyawa, ƙofa a kulle, ban taɓa komai ba. Na faɗi abin da ke cikin kaset ɗin.

Mutanen da suka yi mini ba'a jiya su ne suka yi ta rige-rigen amsawa. Dattijon ya ce kada in kusanci ƙofar. In kwance rediyon ta baya, zan ga bel ɗin roba ya narke ya zama kamar kwalta, in goge shi, in juya farantin ƙarfen da ke ciki da yatsa a hankali har in ji ƙaras. Mai ba'ar duba ya koya mini auna sabon bel da zare. Kwana biyar ina kai da kawo tsakanin gida da kafe, duk abin da na yi sai na koma na faɗa musu, har ranar da na saka bel a baibai, wanda da son raina ne da na ɓoye.

Ranar Asabar da hantsi na juya farantin, na ji ƙaras, ƙofar ta buɗe da kanta. Zaren kaset ɗin ya ɗan tattare amma bai tsinke ba. Na naɗe shi da biro, na mayar, na danna.

Muryar wata mace ta fito, ƙarfafa, ba irin ta tsohuwar da na zata ba. Tana cikin faɗa ne. Wai an gaya mata Baba ya rame, ba ya cin abinci sai shayi da burodi, ya zauna a garin mutane yana wasa da cikinsa. Ta ce, "Kana ji na ko?"

Baba, da furfurarsa da jikoki tara, ya sauko daga kan kujera ya durƙusa a gaban rediyon.

"Ina ji, Inna," in ji shi.