Sunansa a Kan Gonata

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Idan mutum ya tsawaita mini gaisuwa, ina amsawa ne ina laluben abin da ya zo nema. Matata takan ce ko inuwata ban yarda da ita ba, ni kuma in ce ai ita ma a bayana take bi.

Ina da gona a fadama, kan hanyar Kirikasamma, gadon mahaifina. Ba ta da girma, amma tun da na bar koyarwa ita ke riƙe da gidana. Yamma da ita gonar aminina ce, wanda muka tashi unguwa ɗaya a Haɗeja. Gabas da ita kuwa babu komai sai kacala, ciyawar nan da ta toshe tsohuwar hanyar ruwa, ko akuya ba ta shiga. Duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, in ruwa ya janye sai a tarar ya shafe kunya, ya tumɓuke gambar da aka dasa a kan iyaka, a yi ta rantse-rantse. Shi ya sa ƙungiyarmu ta manoma ta ce a zana taswira a sa a intanet, kowa ya ga gonarsa da sunansa a kai. Wadda aka ba aikin 'yar aminin nan nawa ce, malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata. Na ɗaga hannu na amince kamar kowa. A raina dai na ce an ba kura ajiyar nama.

Ranar da aka turo shafin ina karin kumallo. Na buɗe, na bi kwanar kogi da yatsa har na zo kan giginyar da ke bakin gonata. Sai ga sunan aminina kwance ɗoɗar a tsakiyar gonar, ƙarshensa ya hau kan sunan wani har haruffa sun cakuɗe. Na nemi nawa, na same shi can cikin kacala. Na rufe na sake buɗewa. Na goge gilashin idona. Yana nan inda yake, kokona kuma ya huce a kofi.

Mai hankali da tashi zai yi ya je ya tambaya. Ni zama na yi ina tara hujja. Na tuna watan jiya aminina ya sayi sabon injin ban ruwa, babba, wanda ya fi ƙarfin gonarsa. To wace gona zai shayar da shi? Muka haɗu a masallaci ya ce, “Malam, bana alkama za ka yi ko tattasai?” Tambayar da yake mini duk shekara ce, amma ran nan sai na ji kamar mai auna riga kafin mai ita ya mutu. 'Yarsa ta gamu da ni a bakin layi ta durƙusa har ƙasa, na ce lallai ruwa ba ya tsami banza. Matata ta ce in nuna wa wani mana. Na ce wa zan nuna wa, alhali ban san da su wa aka ƙulla ba?

Kwana tara ina dafa abin a ciki. Tsoro nake ji, gaskiya, don na san yadda rubutu yake. Yau ana cewa taswira ce kawai, bayan raina ita za a buɗe wa 'ya'yana a ce ga shaida.

Ranar Juma'a bayan an sauko, muna zaune a majalisarmu gindin darbejiya, mutum ya kai goma. Aminina ya miƙo mini goro. Ban karɓa ba. Na ce, “Alhaji, ka ci gonar ubana a waya, saura ka ci a ƙasa. Allah ya isa tsakanina da kai.”

A wurinmu wannan ba zagi ba ne, ya fi zagi: ka ɗauke shari'a daga hannun mutane ka kai ta inda ba a ɗaukaka ƙara. Ya dube ni, ya mayar da goronsa aljihu, ya sa takalmi ya tafi.

Washegari da hantsi 'yarsa ta yi sallama, idonta ya yi ja. Ta ce, “Baba, don Allah ara mini wayarka.” Na ba ta, ina kallon yatsunta kada ta goge wani abu. Ba ta taɓa komai ba, juya wayar kawai ta yi ta kwantar da ita. Sunaye suka zabura gaba ɗaya, nawa ya fito daga kacala ya tsaya a kan iyaka. Ta miƙar da ita, ya koma ciki.

Ta ce, “Baba, sunayen ba a jikin hoton suke ba, ɗora su na yi a kai, kamar an shimfiɗa tabarma an jera ƙwarya. A kwamfutata kowane yana wurinsa. Amma fuskar waya ƙarama ce, sai hoton ya tsuke, su kuma sunayen su tsaya inda suke. Kai kuma ka ƙara girman rubutu saboda idonka, shi ya ƙara tura su. Laifina ne da ban gwada a wayoyi ba.”

Na gane bayanin sarai. Duk da haka, Allah ya gani, wani ɓangare na zuciyata yana cewa ai mai ilimin abu ba ya rasa bayani.

Da la'asar na tafi gidan aminina. Yana zaure yana gyaran tiyo. Na zauna a ƙasa, na ce na zo neman gafara, na janye maganata a gaban Allah, kuma zan janye ta a gaban waɗanda suka ji. Ya goge hannu, ya ciro wayarsa, tsohuwa mai fasasshen gilashi, ya buɗe shafin ya miƙo mini.

A tasa wayar sunayen yamma suka zame. Sunana ne zaune a tsakiyar gonarsa, ɓaro-ɓaro.

Na ce, “Tun yaushe?”

Ya ce, “Tun ranar da aka turo.”

“Ba ka yi magana ba?”

Ya karɓi wayarsa ya ajiye a kan tabarma. Ya ce, “Na yafe maka, Malam, tun kafin in kai gida. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ni da na ga sunanka a gonata, waya na zarga. Kai da ka ga nawa, ni ka zarga.”

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba a shekara sittin da 'yan kai. Ya ci gaba da ɗaure tiyonsa da roba, ni kuma na riƙe masa ɗaya bakin, don ban san me zan yi da hannuna ba.