Ruwan Tukunyar Jirgi

Mu mutanen Kurfi ba mu da layin dogo, har yau kuwa ba mu da shi. Da ba don gyaɗa ba, da na tsufa a ƙauyenmu Wurma ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Wata kaka kafin mulkin kai na bi motar wani attajirin Dutsin-Ma ina dakon buhuna har Funtuwa. Muna cikin sauke kaya sai ga kan jirgi ya shigo tasha, baƙi ƙirin, yana huci, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na saki buhu na tsaya baki buɗe. Mota ta koma gida ban da ni.

A lokon Zariya na samu aiki, inda ake wanke kawunan jirage ana gyara su. Shekara uku ina goge ƙarfe da tsumma kafin a ɗaga ni zuwa fayaman, mai zuba kwal a wuta. Direban da aka haɗa ni da shi dattijo ne gajere, marar fara'a. Ranar farko na tambaye shi mi zan yi, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ɗan ina ne da wannan harshe?"

Na ce Kurfi.

"Ni Dutsin-Ma. To kada ka ga yankinmu ɗaya ka ɗauka zan raga maka."

Bai kuwa raga mini ba. Maigida nake ce masa, kuma ban taɓa ganin wanda ya san aikinsa kamar mutumin nan ba. Da kunne yake tuƙi. Kafin ƙarfe ya yi zafi ya ji shi a sautin ƙafafun jirgi. In mun ɗauko taragun gyaɗa daga Ƙaura muka zo hawa, ƙafafu suka fara santsi, zai saki yashi a kan dogo, ya rage tururi kaɗan, yana yi wa jirgin magana a hankali kamar mai lallashin takarkari. Sai ka ga mun haye. Shi ya koya mini watsa kwal ko'ina cikin murhu, ba a tara shi wuri guda. Amma babban karatunsa ruwa ne. Akwai 'yar kwalba a gaban fayaman da ke nuna yawan ruwan tukunya. In ruwa ya yi ƙasa wuta na ci, tukunya na iya fashewa da mu duka. Sau ɗaya na bari ya sauka, ya make mini hannu da sifana, sati guda ina cin tuwo da hagu. Tun daga ranar, kafin mu tashi aiki sai na cika tukunya taf, ko zazzaɓi nake yi.

Shekara goma muka yi a kan jirgi guda. Ina son sa ƙwarai, ba na jin kunyar faɗa.

Sai jirage masu dizal suka fara yawa. Aka riƙa jera namu masu kwal a bayan loko, ana yanka su ɗaya bayan ɗaya. Maigida ya yi ta sintiri ofis har aka ce za a ajiye guda don 'yan baya su gani. Amma da sharaɗi. Za a kai namu wani mataccen layi ya zauna, in injiniya ya zo ya tarar da cikinsa lafiya a bar shi, in ya tarar da ɓarna a yanka. Ba wanda ya faɗi ranar zuwansa.

Muka kai shi da hantsi. Maigida ya ja birki, ya ce in zubar da wuta. Kafin in taɓa murhu hannuna ya riga ni, na buɗe ruwa na cika tukunya har kwalba ta cika. Ya juyo.

"Mi kake yi?"

"Abin da ka koya man."

"Zubar da shi. Duka. Yanzu da sauran ɗumi."

Raina ya ɓaci, na jefar da shebur. Tunda muke ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce shekara goma ana hora ni a kan ruwa, yau kuma a ce in bar shi da ƙishi? A yanka shi mana a huta! Na tsaya ina jiran sifana. Maigida sai ya zauna a kan kujerarsa, ya yi magana da muryar da ban san yana da ita ba.

"Ruwa da wuta tare suke tahiya. In babu wuta, ruwan nan tsatsa zai zama, ya cinye shi ta ciki ba mai gani. Ka buɗe hwa, ni hannuna ba ya iyawa."

Na sauka na buɗe. Ruwa ya yi ta kwarara cikin tsakuwa, tururi ya rufe mu. Da ya washe na ga Maigida ya juya mini baya yana goge abin da ba ya bukatar goga. Ni kam kuka na yi sosai, gardin mutum da gemu.

Kwana uku muka yi a kansa. Muka kwance matosan tukunya don iska ta ratsa, muka kankare toka, muka shafe kowane sandan ƙarfe da giris. A ƙarshe Maigida ya kawo wata tsohuwar tasar ƙarfe daga gidansa, na hau na kifa ta a bakin bututun hayaƙi na ɗaure da waya, kamar yadda ake rufe rumbu kafin damina. Bayan wata guda aka sallame shi, ya kwashe iyalinsa ya koma Dutsin-Ma.

Injiniya bai zo ba sai da ruwan shuka ya sauka. Ya sa na cire tasar, ya leƙa bututu, ya shiga murhu da guduma yana ƙwanƙwasawa. Ya daɗe a ciki, ni kuwa ina waje ina jira. Da ya fito ya kaɗe rigarsa, ya ce wannan a bar shi.

Ko gida ban biya ba, na nemi mota. Washegari da azahar na iske Maigida a gonarsa bayan gari yana shukar gero. Tun daga nesa nake ɗaga hannu ina cewa an bar shi. Ya dogara da sungumi, ya yi hamdala sau uku, ya sa aka miƙo mini ƙwaryar fura. Na kai baki ke nan sai ya ce,

"Da ya gama dubawa, ka maida tasar?"

Sai na tuna a ƙasa na baro ta, bututu a buɗe. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa, sannan ya dube ni. Na ajiye ƙwaryar na nufi tashar mota.