Anti Zazzage ta ajiye jan bironta

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe tagar ɗakin magani. Ta goge teburi, ta shimfiɗa farin tawul, ta ciro jan biro daga aljihu. Shekara talatin da ɗaya ke nan, duk tsohon da aka sallama daga asibitin nan sai ya bi ta gabanta, kuma ba ta miƙa masa sabon magani sai an kawo ledar tsofaffin magungunansa daga gida an zazzage a kan tawul ɗin. Nan ta samo sunan Anti Zazzage. Masu jinya kan ce ta cika ɓata lokaci. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma kuwa.

Ranar da aka sallami mahaifinmu, mota na jira, ta tura ni gida ɗauko leda. Na tafi ina ƙunƙuni. Da na dawo ta jera kwalayen, ta shiga tambayar Baba iri nawa yake sha, ko yana ganin rubutun kwali, sau nawa ya faɗi a bana. Sai ta tambaye shi wa ke ba shi maganin.

Baba ya ce, "Da Hajiya ce. Ta rasu bara."

"Yanzu fa, Baba?"

"Duk wanda ya kawo, sha nake. 'Ya'yana ne, ina zan ƙi?"

Ashe ni da yayata da ƙanenmu, kowa da likitan da yake kai shi wurinsa, kowa na ganin shi ne mai kula. Ta ware kwali uku, ta ce duk maganin hawan jini ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Jirin da ya kayar da shi a banɗaki har ya yi kwana tara a gado, mu muka kawo masa da hannunmu. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ba ta yi mana faɗa ba. Ta ɗiga ja a katinsa, alamar wanda take tsoron zai dawo, ta ce mu tsayar da mutum ɗaya a kan maganin. Bayan kwana uku ta kira, bayan mako ta sake kira, har Baba ya fara ce mata budurwarsa. Wata nas ta shaida mini cewa tsohon da ba shi da ɗan aike, Anti da ƙafarta take zuwa ɗauko ledar bayan ta tashi aiki.

Anti, ke ce mai hango faɗuwa tun mutum na tsaye. Na yi miki rashin kunya, kika saka mini da ran mahaifina. Na gode, Allah ya ba ki mai kula da ke.

Wannan watan ta yi ritaya. Jama'a, in za ku ɗauko tsohonku daga asibiti, ku tafi da ledar, ku zazzage ko ba a ce ba. Har yau in wani ya miƙa wa Baba sabon kwali, sai ya maida hannu baya ya ce, "Anti ta gani?"