Awon ƙafa a takarda

Yayata Ozella ta girme ni da shekara shida. A garinmu na Alabama, lokacin muna yara, baƙar fata ba ya gwada takalmi a kanti. Sai ka ɗora ƙafa a kan takardar ƙunshe kaya a zana maka da fensir, a kai wa mai kanti ya zaɓo da ido. Ozella ce mai zanen a gidanmu. Hannunta ba ya rawa.

A 1963 ina 'yar sakandare, ni da 'yan makarantarmu huɗu muka shiga kantin takalma muka zauna a kujerun fararen fata. Na zura ƙafata a wani jan takalmi. 'Yan sanda suka kama ni, kwana uku na yi a kulle. Ozella kuwa guga take yi a gidan ƙanwar mai kantin, kuma washegari aka sallame ta. Babu gidan da ya sake ɗaukarta. Ta hau jirgin ƙasa zuwa Detroit, ko sallama ba ta yi mini ba.

Shekara ashirin da shida tana wanki a wani asibiti a can. Duk Kirsimeti takan aiko wa Mama kati, ba ta taɓa sa sunana ba. Ni ma ban ba ta haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Da Mama ta rasu, Ozella ta dawo. Kwana biyu muna gida ɗaya, maganar akwatin gawa kawai ke haɗa mu. Ana gobe jana'iza ta dubi tsohon takalmina, ta ɗauko takarda da fensir ta durƙusa.

"Ɗora ƙafarki, Verlene."

"Yaya, ai yanzu ana gwadawa."

"Ni za ki gaya wa? A kansa aka kore ni. Ɗora, uwar taurin kai."

Na ɗora. Ta fita, ta dawo da jan takalmi. Shi na sa zuwa coci, mata mawaƙan coci suna ta harara, don baƙi ake sawa a jana'iza.

A bakin kabari ta raɗa mini, "Yana matse ki?"

"Sosai."

"Madalla."

Ta riƙe hannuna har mota. Bayan wata biyu ta tattaro kayanta ta dawo gidana. Shekara goma sha ɗaya muka zauna tare kafin ta rasu.